Na Juya Mata Baya a Mashigi

Gulbin da ya bi ta bayan garinmu rabin shekara yashi ne. Da rani mata na tona shi su ɗebi ruwa da ƙwarya, masu amalanke su bi ta cikinsa kamar titi. Da damina sai ya sake hali. Ba lallai a yi ruwa a garinmu ba. In an yi shi can wajen duwatsun Roni, sai ka ga rana tsaka, sama tas, ruwa ya taho ja wur yana tura kara da kashin shanu a gabansa. Mashigi ɗaya gare mu. Nan ake ƙetarewa zuwa kasuwar Gwiwa da gonakin ƙetare, kuma nan yake cin mutane.

Ubana masunci ne, a kan gora na koyi iyo tun ban iya sa wando ba. Makaranta kuwa aji huɗu na yi aka cire ni, amma na fito da karatu da rubutu, da su nake wannan.

Shekarar da ruwa ya tafi da wasu manoma uku a mashigin, mai gari ya tara duk wanda ya iya ruwa ya ce a san abin yi. Haka ƙungiyarmu ta fara. Ba albashi, ba ofis. Igiya muke da ita, da usur, da robar cikin tayar mota wadda taubashina yake kawo mana, don shi mai faci ne a bakin tasha. Daga baya aka aiko mana da rigunan ruwa masu launin lemo. Muka kafa turke a bakin mashigi muka shafa masa jan fenti a tsakiya: in ruwa ya kai ja, ba mai ƙetarewa, ko ɗan wane ne. Daga faɗuwar damina har kaka, mutum biyu ke zama ƙarƙashin marken da ke wurin, yau waɗannan gobe waɗancan.

Ni da taubashin nan nawa kullum tare ake haɗa mu. Uwarsa ƙanwar ubana ce. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. In ya hango ni sai ya ce, "Ga bawan gidanmu nan, wa ya kwance ka?" Ni ma in ce masa bawa, mu yi ta musun wanda ya gaji wani. Zaman gadin mashigi da shi ba ya gundura.

A da, in mun tsamo mutum, kife shi muke yi a kan turmi, ko mu kama ƙafafunsa mu zazzage shi, wai ruwan cikinsa ya fita. Haka muka gada. Wata shekara sai wani malamin asibiti ya zo mana daga Kazaure da mutum-mutumin roba a cikin jaka, rabin mutum ne, kai da ƙirji. Ya shimfiɗa shi a tabarma a ƙofar gidan mai gari ya ce turmin nan ɓata lokaci ne. Wanda ruwa ya ci, iska ya rasa. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a sa baki a bakinsa a hura, sannan a danna ƙirji. Ya yi ya nuna mana, ƙirjin robar ya tashi ya sauka.

Taubashina ya ce, "Malam, wannan amarya taka ba sadaki ba waliyyi, kowa sai ya sa mata baki?"

Aka yi dariya. Na ce, "Ka yi shiru, bawa, ka samu mai yarda da bakinka yau."

"Kai ka fara. In ta jure warin tukar goronka, ni ba za ta ƙi ni ba."

Da dariya ta lafa, wani daga cikinmu ya yi tambaya ta gaske. Ya ce to in mace aka tsamo fa, matar wani? Malamin asibitin ya dube shi ya ce, "Mace ba ta numfashi ne? Kafin ka je ka nemo mata ka dawo, an gama." Liman yana zaune a gefe, ya gyara zama ya ce wannan lalura ce, ceton rai yana gaba, babu laifi a kan wanda ya yi. Ni ne ma na juya na yi wa mai tambayar faɗa. Na ce wannan ai ba abin tambaya ba ne. Ina tuna yadda na ɗaga murya.

Malamin ya bar mana robar da zai tafi. Ni na fi kowa iyawa, shi da kansa ya faɗa.

Daminar da ta biyo baya na gwada a kan mutum. Wani Bafulatani ne, ya biyo saniyarsa cikin ruwa, saniyar ta fita shi bai fita ba. Mun daɗe muna lalube kafin in taɓa ƙafarsa. Da muka fito da shi jikinsa ya saki, leɓensa ya sake launi, 'yan uwansa har sun fara salati. Na durƙusa na hura, na danna, na hura. Can sai ya yi wani irin tari ya amayar da ruwa a cinyata. Ya tashi. Har yau in iyalansa sun sauka kusa da mu sai sun aiko mini da nono. Bayan wannan aka ba ni shugabancin ƙungiya. Na faɗi wannan ne don a san na iya, kuma na ga yana aiki da idona.

Yanzu sai in koma cikin gida.

A gidanmu ana kunyar ɗan fari ƙwarai. Babban ɗana ban taɓa kiran sunansa ba. Ba ma zama tabarma ɗaya, ba ma cin abinci kwano ɗaya. Da safe zai zo ya tsuguna nesa kaɗan ya ce, "Baba, kun tashi lafiya?" in ce lafiya, ya tashi. In akwai magana mai nauyi, wajen uwarsa yake kai ta, ita ta kawo mini, ta mayar masa da amsa. Ba ƙiyayya ba ce. Cikin 'ya'yana babu wanda ya kai shi a raina. Haka ubana ya yi da yayana, haka na yi.

Da ya isa aure ya auro yarinya daga wani ƙauye wajen Babura. In kunyar ɗan fari tudu ce, ta suruka dutse ce. Shekara shida tana gidana, maganar da ta haɗa mu ba ta wuce gaisuwa ba. Tana durƙusawa can bakin ƙofa, fuskarta a gefe, ta ce, "Baba, sannu da hutawa," ta ajiye kwano ta ja da baya. In mun haɗu a hanya sai ta ratse cikin gona har in wuce. Ni kuma ba na shiga gida sai na yi gyaran murya a zaure. Mai yawan dariya ce, ina jiyo ta ta bayan katanga tana tsokanar uwar mijinta, amma da na yi gyaran murya sai ɗif. Miyar kukarta na sani, da muryarta. Fuskarta ban taɓa tsayawa na kalla ba. Ina alfahari da wannan a lokacin. Ina cewa gidana gidan tarbiyya ne.

Ta haifa mana biyu, mace da namiji.

Ranar da abin ya faru, matan unguwarmu sun tafi suna a ƙetare. Da safe suka wuce a amalanke, ruwa bai kai gwiwa ba. Ita ma tana ciki, ta bar yaran wajen kakarsu. Ni da taubashina ke gadi. Bayan la'asar suka dawo. Na duba turke, ruwa ya ɗan ƙaru amma da sauran tazara kafin ja, na ɗaga wa mai amalanke hannu ya shigo. Suna tsakiya muka ji ƙugin nan daga sama. Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ya san shi. Mai amalanke ya yi ta dukan shanu, ba su kai ko'ina ba ruwan ya iso, ya ɗaga amalanken ya kwantar da shi gefe.

Na busa usur muka faɗa. Yawancin matan sun rungume katakon amalanken, shanun suka ja su zuwa inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Biyu ruwa ya fizge. Taubashina ya bi ta kusa, ni na bi ta nesa. Ban san ko wace ce ba, hijabi kawai nake gani yana fitowa yana nutsewa. Muka sha kwana, inda gulbin ya karkata ya ɓoye mashigi, sai hijabin ya nutse bai ƙara fitowa ba. Akwai wata bishiya da ta faɗi a wurin tun bara. Na nutsa na lalubi saiwoyinta, na same ta a maƙale. Na yaga hijabin, na kamo ta ta hammata, na yi ta bugun ruwa har na fitar da ita kan wani tudun yashi a gefen ƙetare.

Ba ta daɗe a ƙarƙashin ruwa ba. Bafulatanin nan ya fi ta daɗewa nesa ba kusa ba.

Na kwantar da ita rigingine. Hannuna ya san aikinsa, ya riga ya kama haɓarta ya ɗaga, ɗayan ya nufi hancinta. Sai na ga atamfar jikinta, wadda ni na sayo wa matan gidana da sallah. Sannan na ga fuskar. Ruwa ya tafi da ɗankwalinta, ya kwance mata zane.

Hannuna ya saki. Na cire rigar ruwata na rufa mata. Na miƙe, na ja da baya taku uku ko huɗu, na juya mata baya, na shiga ƙwala wa mata kira.

Taubashina yana ɗaya gefen, ruwa iya ƙirji, hannunsa ɗaya a reshe ɗaya riƙe da ɗayar matar, ba shi da halin saki. Yana ganina sarai.

"Hura mata," ya ce. "Me kake jira?"

"Surukata ce."

"To sai me? Hura mata, don girman Allah!"

"Mata na zuwa," na ce.

Ba suna zuwa ba ne a lokacin. Sai da suka fito daga ruwa, suka nutsu, suka gane daga inda kiran yake, sannan suka biyo gaɓa ta cikin gero. Ban san minti nawa ba ne. Amma ya isa mutum ya yi alwala ya yi azahar a natse ya yi addu'a. Duk wannan lokacin ina tsaye ina kallon geron wani, ita tana kwance a bayana.

Na sha gaya wa kaina cewa kunya ce ta kama ni, kamar yadda ciwo ke kama mutum. Akwai wannan. Amma tunda na ɗauki alƙalami gara in faɗi sauran. Ina tsaye ina tunani, tunanin kuma a fili yake. Na ga majalisar ƙofar masallaci ana cewa wane ya sa bakinsa a bakin matar ɗansa. Na ga ta farfaɗo ta buɗe ido ta gan ni a kanta. Na ce yaya za ta ƙara ajiye mini kwano, yaya zan ƙara shiga gidana. Har na ce a raina ita ma ba za ta so ba. Na yanke mata hukunci ban tambaye ta ba, ita da ba ta da bakin amsawa.

Wata tsohuwa ce ta fara isowa. Na riƙa gaya mata yadda za ta yi, bayana a juye. Ba ta taɓa gani ba, ta kifa ta tana danna mata ciki irin na da. Sai da mutane suka karɓi ɗayar matar sannan taubashina ya samu ya ƙetaro. Ya ture matan ya durƙusa ya hura, ya danna, ya hura, ya yi ta yi. Ba ta tashi ba.

Kafin magariba aka kai ta.

Ba wanda ya ji abin da muka faɗa wa juna ni da taubashina, ƙarar ruwa ta rufe. Matan da suka same ni a tsaye suka ɗauka na yi iyakar yina ne na gaji, na rufe ta na juya ina kuka. Haka labarin ya shiga gari. Masu ta'aziyya suna riƙe hannuna suna cewa sannu da ƙoƙari, kai ka fito da ita, da ba don kai ba ko gawar ba za a gani ba.

Ranar sadakar uku mai ɗakina ta shigo ta zauna ta ce, "Malam, babban yaron nan yana tambaya."

"Me yake tambaya?"

"Wai ka hura mata, kamar yadda ka yi wa Bafulatanin nan?"

Ga ƙofa an buɗe mini. Magana ɗaya ce, kuma ba a gabansa zan faɗa ba. Na ce, "Ki ce masa na hura."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Dama abin da ya tsaya masa ke nan." Ta tashi ta kai masa.

Daga wannan rana taubashina bai ƙara ce mini bawa ba. In mun haɗu sai ya ce, "Barka da asuba, shugaba, an tashi lafiya?" kamar baƙo. Ya nemi a sauya masa abokin gadi, ya ce ranakun ba sa yi masa daidai da aikin faci. Mutane suka lura suka ce girma ne ya zo mana. Wata rana na je rumfarsa da hantsi, ba kowa, yana goga roba. Na ce, "Bawa, ba magana?" Bai ɗago ba.

"Ba ni zan gaya masa ba," ya ce. "In abin da ya kawo ka ke nan, kwantar da hankalinka. Maganar taka ce."

"Ka san yadda muke da shi. Ta ina zan fara?"

"Ranar nan ma haka ka yi, ka rasa ta inda za ka fara."

Ya ci gaba da gugarsa. Na daɗe a tsaye, sannan na tafi.

Daminar da ta zagayo ɗana ya shiga ƙungiya. Uwarsa ta kawo mini saƙon, ta ce ya ce ba ya son wani ya ji abin da ya ji. Ba ni da hujjar hana shi. Ni ne mai koyar da sababbi, don haka ni na shimfiɗa masa robar nan a ƙofar gidan mai gari. A gaban mutane ba Baba yake ce mini ba, shugaba yake cewa kamar kowa, wannan ya ba mu damar maganar da gida ya hana mu. Ya durƙusa ya ɗaga haɓar robar. Na ce ɗaga sosai. Na ce toshe hancin. Na ji bakina yana cewa kada ku tsaya duba ko wane ne, mace ko namiji, babba ko yaro. Duk shekara sai na faɗi wannan, don yana cikin darasin, in na tsallake wani zai tuna mini.

Ya zama gwani. Ya fi ni ƙarfi, ya fi ni sanyin rai. Ya tsamo mutane da dama, wasu sun tashi wasu ba su tashi ba. In ba su tashi ba shi ke zuwa wajen iyalan, kuma magana ɗaya yake yi musu. Yakan ce, "Ku yi haƙuri. Ni ma matata a nan ta tafi. Mahaifina da kansa ya fito da ita, ya hura mata, shi da ya fi kowa iyawa, ba ta tashi ba. In kwana ya ƙare ba dabara." Mutane suna samun sanyi da wannan magana. Ni ina zaune a gefen tabarma ina ji, wani lokaci ma a juyo a dube ni, in gyaɗa kai.

Sau uku ina zuwa wajen mai gari in ce a sauke ni. Ya ce wa zai riƙe, ai kai ne ƙungiyar. Na nemi aikin gadi a Kazaure don in bar garin, har an yi mini hanya, mai ɗakina ta ce ita ba inda za ta ta bar marayun nan. Yaran a ɗakinta suka tashi, ko da ubansu ya sake aure. Macen ta girma da dariyar uwarta, ita kuma ba ta yin shiru in na yi gyaran murya, don jika ce. Takan leƙo ta ce, "Angona, yau ma ba cefane? Zan kai ka ƙara wajen alƙali." In ce mata na sake ta tun jiya. Ta ce ba ta ji ba, sai an maimaita. In yi dariya, dole ne in yi.

Gadi kuma ban daina ba. In ranata ta zo in je in zauna ƙarƙashin marke. Daga nan ba a hango tudun yashin, amma na san inda yake.

Taubashina ya yi jinya gajeriya ya rasu. Na je duba shi, ya amsa gaisuwata da ladabi. Da aka binne shi na ga saura ni kaɗai na sani a duniya, na ɗauka zan ji sauƙi. Ban ji ba. Da yana raye akwai mai kallona yadda nake.

Wata ranar kasuwar Roni na nemi wani malami da bai san ni ba. Na ba shi labarin kamar na wani abokina. Ya saurara har ƙarshe, bai nuna ya gane ba, ko da yake ina jin ya gane. Ya ce abokin naka ya yawaita istigfari, ya yi mata sadaka da addu'a, rai da ajali na Allah ne, ba wanda ya san ko da ta tashi. Har na fara jin daɗi. Sai ya ce, "Wanda aka yi wa ƙaryar yana raye?" Na ce yana raye. Ya ce, "To wannan ba ni zan warware masa ba."

Na dawo da niyya. Niyyar ta shekara bakwai a cikina. Da safe ɗana zai tsuguna ya gaishe ni, in buɗe baki, in ce lafiya lau. Ta wajen uwarsa ba zai yiwu ba, don ita na fara yi wa ƙaryar, kuma ba maganar aike ba ce. In kira shi ɗaki in zaunar da shi in dubi idonsa kuwa, ban taɓa yi ba tun da aka haife shi. Abin da ya hana ni durƙusawa a kan yashi shi ya hana ni wannan, na kuma san haka, sanin bai amfane ni da komai ba.

Bara waccan yanar ido ta rufe mini gani, aka ce sai an kankare a asibitin Kazaure. Babban ɗan nawa ne ya ɗauke ni a babur. Ban taɓa hawa bayansa ba sai ranar. Muka fita da sassafe, ina riƙe da ƙarfen baya, ƙeyarsa a gabana, har da furfura a ciki, ban san ta fito masa ba. Muka hau kwalta. Sai na ga ba ya ganina, ni ma ba na ganin fuskarsa, kuma ba mai jin mu. Na matso kusa da kunnensa.

"Akwai maganar da na aiko uwarka da ita, shekarar da uwar yaran nan ta rasu."

Ya rage gudu. "Na'am, Baba."

"Ƙarya na yi. Ban hura mata ba."

Na ci gaba. Na gaya masa duka, yadda na rubuta a nan, har da tunanin majalisa. Ban rage ba. Iska tana kwashe wasu kalmomin, in sake faɗa. Ya gangara gefen titi ya tsaya ƙarƙashin wata darbejiya ya kashe babur. Bai sauka ba, bai juyo ba. Ƙafafunsa biyu a ƙasa suna riƙe da mu. Wata motar kasuwa ta wuce, sannan wata.

"Da sauran rai a jikinta?" ya ce.

"Ban sani ba. Ban duba ba."

"Bafulatanin nan, ya fi ta daɗewa a ruwa?"

"Ya fi ta."

Na ga kafaɗarsa ta ɗaga ta sauka. Ya sa hannu ya shafa fuskarsa. Na jira ya sauke ni a nan, ko ya yi mini faɗa, da na fi son haka.

"Na ji, Baba," ya ce. Ya tayar da babur. "Ku riƙe da kyau, gaba akwai ramuka."

Ya kai ni asibiti, ya bi mini layi, ya zauna a waje har aka gama. Da aka fito da ni ido a ɗaure shi ya riƙe hannuna zuwa babur. Muka dawo gida.

Damina biyu ke nan. Shi ne shugaban ƙungiya yanzu, ni na daina zuwa mashigi. An gaya mini in ya je ta'aziyyar wanda ruwa ya ci, addu'a kawai yake yi ya tashi. Kullum da safe yana zuwa ya tsuguna inda ya saba, ya ce, "Baba, kun tashi lafiya?" Abincina bai ragu ba, maganin idona bai yanke ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni kuma ban iya tambaya ba. Ban san ko ya gaya wa uwarsa ba. Ban san ko ya gaya wa yaran ba. Yarinyar tana gidan mijinta a unguwar gabas, takan zo ranar Juma'a ta tsokane ni. In ta makara, sai in zauna a zaure ina sauraron takun masu wucewa, ina cewa yau ya gaya mata.